Karatun jinya ga mai burin aikin sa barci a ɗakin tiyata

Tambaya: Anti, na gama sakandare da kiredit ɗina biyar, ina shirin shiga makarantar koyon aikin jinya. Burina in zama nas mai sa barci a ɗakin tiyata, in da hali ma wata rana in je Amurka in yi abin da suke kira CRNA, wato nas mai lasisin sa barci. Wasu suna ce min karatun jinya azaba ne, wasu kuma suna cewa hadda ce kawai, kowa ma zai iya. Wanne ne gaskiya, kuma ga mai buri irin nawa yaya wahalar take?

Amsa: Ƙanwata, kowane ɓangare ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma duk a kan cin jarrabawa suke magana. Cin jarrabawar makarantar jinya abu ne da duk yarinya mai matsakaicin kai da juriya za ta iya, ana yaye dubbai duk shekara a ƙasar nan. Abin da ke kike nema ya fi wannan tsada. Kina so ki fito da ilimin da zai zauna daram a kanki har ranar da za ki tsaya a kan mutumin da ke da hannunki kika ɗauke masa numfashi, kuma babu mai mayar masa da shi sai ke. Abin da 'yan ajinku za su haddace ranar Lahadi, su juye a takarda ranar Litinin, su manta ranar Talata, ke ba ki da wannan damar. Aji ɗaya za ku zauna, malami ɗaya, amma nauyin da ke kanki daban ne.

Bari in fara da wahalar da kowa ke sha, tunda ita za ta fara tarbarki a bakin ƙofa. Watanni shida na farko, waɗanda ake kira PTS, na tankaɗe da rairaya ne. Makarantu da yawa suna ɗaukar ɗalibai fiye da gurbin da hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta ware musu, sai jarrabawar ƙarshen wata shidan ta rage su. A ɗan wannan lokaci za a jibgo muku anatomi (ilimin ginin jiki) da fisiyoloji (ilimin yadda jiki ke aiki) da tushen aikin jinya da ilimin ƙwayoyin cuta da na abinci, da wasu darussa birjik, aji daga safe har la'asar, gwaji a kai a kai. Babu darasi ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin wadda ta ci Kemistiri da Fiziks da Bayoloji da guminta. Haɗuwarsu a lokaci guda ce ke kayar da mutane, musamman wadda ta saba sai jarrabawa ta ƙarato take buɗe littafi. Idan kin san wasu daga cikin kiredit ɗin nan na "taimako" ne, ki yi wa kanki adalci ki koma wa littattafan sakandare tun kafin a kira ku.

Bayan an sa muku hular nas, alamar kun tsallake PTS, sai wahalar ta sauka daga ka ta koma ƙafa da baya. Dutin safe, na rana, na dare. Gyaran gado, wankan majinyacin da ba ya iya tashi, ɗaukar fo, wankin gyambo, juya tsohon da ya kwana biyu a kwance don kada bayansa ya saluɓe. Ki tashi daga aikin dare ki tarar da gwaji yana jiranki. Ga sista mai faɗa, ga dangin majinyaci da ke ganin ke ce kika hana likita zuwa. A ƙarshen shekara ta uku makaranta ta yi muku tata jarrabawar, sannan ta kansil, wato hukumar nan ta ƙasa, wadda a cikinta har da ta aikin hannu, inda za ki riƙa zagaya tebura ana ba ki 'yan mintuna a kowane ɗaya ki nuna abin da kika iya. Wannan duk gajiya ce, kuma gajiya tana wucewa. Ba na raina ta, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Makin ci a yawancin darussan 50 ne. Wato za ki iya rasa rabin fisiyoloji ki wuce lafiya lau, a ba ki shaida, ki kama aiki, ki yi shekaru kina aikinki babu wanda ya gane. A aikin sa barci kuwa rabin nan da kika bari shi zai tare ki. Bari in nuna miki da aikin da za ki fi yi a asibitocinmu, wato allurar baya mai kashe rabin jiki na ƙasa, ga mai ciki da za a ciro wa jariri.

An kawo ta naƙuda ta ƙi ci gaba. Kin zaunar da ita a bakin gadon tiyata ta lanƙwasa baya, kin lalubo saman ƙasusuwan ƙugunta biyu, kin bi layin da ya haɗa su zuwa tsakiyar baya. Kin san cewa a jikin babba laka tana ƙarewa ne wajen ƙashi na ɗaya zuwa na biyu na ƙasusuwan gadon baya biyar da ke wajen ƙugu, don haka a ƙasa da nan za ki shiga, tsakanin na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar. Anatomi ke nan na shekarar farko. Ruwan laka ya ɗigo garau, kin tura maganin kashe zafi, wato bupibaken mai nauyi, wajen mililita (mil) 2, kin kwantar da ita. Ba a yi minti biyar ba ta fara hamma, ta ce, "Sista, amai nake ji." Wadda ta yi hadda za ta ruga neman kwanon amai da allurar tsayar da shi. Wadda ta fahimci abin da ta karanta idonta zai tafi kan awon jini, ta tarar ya faɗo daga 120 zuwa 80. Dalili kuwa, maganin bai tsaya ga jijiyoyin da ke ɗaukar zafin ciwo ba, ya kashe har waɗanda ke matse hanyoyin jini. Hanyoyin sun saki, jini ya taru a ƙafafu da ciki, wanda ke komawa zuciya ya ragu. Ga kuma mahaifa da nauyinta ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya saboda an kwantar da matar rigingine. Mahaifa ba ta da dabarar riƙe wa kanta jini idan na uwa ya faɗi, don haka duk mintin da kika ɓata jaririn ne ke biya. Sai ki karkatar da ita hagu, ki buɗe ruwa ya gudu, ki ba da efedirin mai ɗaga awon jini, ki sa mata oksijin. Idan kuma ta ce hannuwanta sun fara mutuwa, muryarta ta yi ƙasa, bugun zuciya ya fara raguwa, to maganin ya hau sama har ya taɓa jijiyoyin da ke hanzarta zuciya, waɗanda ke fitowa daga ƙasusuwan saman baya huɗu na farko. Nan atirofin da adirenalin, masu hanzarta zuciya, su kasance a kusa, ki shirya karɓar numfashinta gaba ɗaya.

Duk abin nan da na lissafa yana cikin babi ɗaya da ɗalibai suka fi tsana, babin jijiyoyin da ke aiki ba da umarnin mutum ba, da kuma ɗan lissafin nan na cewa ƙarfin jini ya dogara ne da yawan abin da zuciya ke turawa da kuma matsewar hanyoyin da yake bi. Ana koyar da shi a mako ɗaya ko biyu, a yi tambaya ɗaya a jarrabawa, wadda ma za ki iya tsallakewa ki zaɓi wata. Ke kada ki tsallake. Haka babin numfashi. Akwai wani zane mai lanƙwasa da ke nuna yadda jini ke riƙe oksijin, kowa na zana shi ya ci maki. Ma'anarsa a ɗakin tiyata ita ce, awon na'urar oksijin da ke maƙale a yatsa yana saukowa a hankali daga 99 zuwa 90, amma daga 90 faɗuwa yake yi ba saukowa ba. Mai ciki da ƙaramin yaro da mai ƙiba sun fi kowa saurin kaiwa wannan gaɓa, domin ajiyar iskar huhunsu kaɗan ce ko kuma jikinsu na cin oksijin da sauri. Wadda ta san haka tun a 94 take motsawa.

Ilimin magunguna shi ne na biyu, kuma a ganina a nan makarantun jinya suka fi yi wa mai irin burinki ƙwauro. Yawanci ana koyar da shi ne a jere: sunan magani, amfaninsa, adadinsa, illarsa, abin da nas za ta lura da shi. Ke tambayarki a kan kowane magani ita ce a ina yake kamawa a jiki, me yake yi a wurin, ta hanta yake fita ko ta ƙoda, kuma me zai faru idan ya haɗu da wani. Ɗauki sukzametoniyam, maganin da ke shanye tsokoki cikin ƙasa da minti ɗaya don a samu a zura bututun numfashi. Yana ɗan ɗaga sinadarin fotasiyam a jinin kowa, abin da ba ya cutar da mai lafiya. Amma ki ba wa wanda ya yi mummunar ƙuna kwanaki da suka wuce, ko wanda ya daɗe da shanyewar jiki, fotasiyam ɗin zai iya yin tashin da zai tsayar da zuciya. Ko mai jijjiga da aka ɗura wa maganesiyam salfet a ɗakin haihuwa kafin a turo miki ita: maganesiyam yana ƙara wa magungunan shanye tsoka ƙarfi da daɗewa, idan kika ba ta adadin da kika saba za a gama aiki a ɗinke tana nan ba ta iya numfashi da kanta ba. Ketamin kuma, wanda shi ne rufin asirin ƙananan asibitoci, yana riƙe ƙarfin jini kuma galibi yana barin mutum da numfashinsa, shi ya sa ake son sa ga wanda ya zubar da jini. Amma yana kawo yawu da yawa, yana ƙara hawan jini ga mai shi, kuma farkawa daga gare shi kan zo da firgita da sambatu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da jerin hadda zai ba ki.

Sai lissafi. Mutane suna mamaki idan na ce lissafin firamare ne ke kashe majinyata, amma haka abin yake. Maganin da aka rubuta wa kashi 1 cikin 100 yana nufin miligiram 10 a kowane mil. Lidoken (maganin kashe zafi) mai kashi 2 ke nan miligiram 20 a mil. Yaro mai kilo 10, idan muka bi iyakar da aka fi koyarwa a nan ta miligiram 3 a kowane kilo ga lidoken da ba a haɗa da adirenalin ba, miligiram 30 ne rabonsa, wato mil ɗaya da rabi. Wanda ya cika sirinji mai mil 5 ya tura masa ya ba shi miligiram 100, fiye da ninki uku, kuma abin da ke biyo baya jijjiga ce ko rikicewar bugun zuciya. Adirenalin mai 1 cikin 1,000 da mai 1 cikin 10,000 sifili ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, ninki goma a jiki. Jinin yaron nan gaba ɗaya bai wuce mil 800 ba, tunda kimanin mil 80 ake lissafawa a kowane kilo. Idan ya zubar da mil 160, abin da bai cika kofin shayi ba, kashi ɗaya cikin biyar na jininsa ya tafi, alhali mai fiɗa yana kallon tsumma yana cewa ai bai zubar da komai ba. Irin wannan lissafi za ki yi shi ne a ka, da ƙarfe uku na dare, ana yi miki magana ta ko'ina. Ki fara saba wa kanki tun ranar da aka fara ba ki sirinji a wod, ki daina karɓar "rabin kwalba ake ba su" daga bakin kowa.

Fiziks ma da kike zaton kin rabu da shi yana nan yana jiranki. Ƙaramar tukunyar oksijin da ake ratayawa a jikin injin sa barci tana ɗaukar lita wajen 680 idan ta cika. Allurar agogonta ta nuna rabi, saura lita 340 ke nan, idan kina ba da lita 5 a minti kina da awa ɗaya da 'yan mintuna. A asibitin da wuta ke ɗaukewa injin tace iska ya tsaya, wannan lissafin ne zai gaya miki ko a fara aiki ko a jira.

Yanzu ga inda na fi ganin masu buri irin naki suna tuntuɓe. Da zarar yarinya ta sa wa ranta ɗakin tiyata, sai ta fara kallon aikin wod a matsayin bauta da za ta daure ta wuce. Kuskure ne babba. Aikin sa barci kusan gaba ɗayansa lura ce, kuma a wod ake koyon lura. Duba takardar awon majinyata a wod da yawa, layin numfashi za ki ga 20, 20, 18, 20, daga sama har ƙasa, domin ba wanda ya tsaya ya ƙirga, rubutawa kawai ake yi. Alhali saurin numfashi yana cikin alamun farko da ke nuna mutum ya fara lalacewa, tun kafin awon jini ya motsa. Ki tsaya ki ƙirga na minti ɗaya cur. Ki riƙa taɓa hannun majinyaci ki ji ɗuminsa ko sanyinsa, ki ji bugun jini mai ƙarfi da mai rauni har yatsunki su san bambanci, ki duba cikin fatar ido da tafin hannu, tunda a baƙar fata ba a fuska ake ganin ɗashewa ba. Duk kanular (allurar ƙarin ruwa ta cikin jijiya) da aka ce wa zai sa, ki ce ke ce, musamman ta yaron da gudawa ta busar da shi, domin wata rana za a kawo miki mace jini na zuba jijiyoyinta duk sun ɓuya, kuma babu wanda za ki kira.

Hira da majinyaci ma sana'a ce. Ki tambayi mutum ko ya ci wani abu, ya ce wallahi bai ci komai ba tun jiya. Ki ƙara tambaya, sai ya ce koko kawai ya sha da safe, ko ɗan kunu da fura don kada yunwa ta kama shi a ɗakin aiki. A wurinsa sha ya yi, bai ci ba. A wurinki wannan abinci ne, sai an jira awa shida, domin ruwa zalla ne kaɗai ake yarda da shi har zuwa awa biyu kafin aiki, kuma abin da ke ciki idan ya dawo ya faɗa huhu yana iya kisa. Haka za ki koyi yadda ake tambayar saurayi ko yana shan tiramadol ko kodin ba a gaban mahaifinsa ba, da yadda ake tambayar tsohuwa jiƙe-jiƙen da take sha ba tare da ta ji an raina ta ba. A Amurka akwai wata nas mai suna Alice Magaw da ta yi aiki da likitocin nan 'yan gidan Mayo a jihar Minesota. A 1906 ta wallafa bayanin mutum fiye da 14,000 da aka sa barci ba tare da maganin ya kashe ko ɗaya ba, a zamanin da ake ɗiga maganin sa barci mai suna ita (ether) a kan ƙyalle, babu na'urar yatsa, babu allon bugun zuciya. Launin majinyaci take kallo da yanayin numfashinsa.

Game da ko kwalejin jinya za ki shiga ko jami'a, ra'ayina a fili yake: idan kina da makin JAMB da halin zama, ki nemi digiri. Shekara biyar ne, da shekarar horon aiki a bayansa, kuma ana yin sa a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri da wasunsu. A can ana shiga anatomi da fisiyoloji da kemistirin jiki da zurfi fiye da yadda kwaleji ke samun lokaci, kuma duk wata ƙofa ta waje digiri take tambaya. 'Yan kwaleji kuma sun fi saurin iya aikin hannu, wannan ba a musu. Idan kwalejin ce ta samu ki shiga da farin ciki, ki sayi littafin fisiyoloji irin na ɗaliban likitanci ki riƙa bi a gefe, daga baya ki ɗora digirin.

Bayan kin samu lasisi ba kai tsaye ake tafiya ba, makarantun sa barci suna son wadda ta yi aiki shekara ɗaya ko biyu. Inda kika yi waɗannan shekaru yana da tasiri ƙwarai. Ki nemi ɗakin kulawa ta musamman, ko na taimakon gaggawa, ko inda ake farfaɗo da waɗanda aka fito da su daga tiyata, ko ɗakin haihuwa mai cunkoso. Kowa na neman a kai shi wurin da babu aikin dare, ke akasin haka za ki nema, kuma za a yi miki kallon wadda ba ta san ciwon kanta ba.

Karatun sa barcin kansa a Najeriya kimanin wata 18 ne, a makarantun da ke ƙarƙashin wasu asibitocin koyarwa irin na Zariya da Inugu da Binin. Gajere ne, kuma gajartarsa ce wahalarsa, don babu lokacin da za a koma a koya miki abin da ya kamata ki zo da shi. Ana aji ana shiga tiyata ana kwanan kol, wato kwanan jiran kiran gaggawa, kina cike littafin ayyukan da kika yi ana sa miki hannu. Za ki koyi riƙe ƙarfen buɗe maƙogwaro da hannun hagu ki hango ƙofar huhu, ki koyi gane cewa bututu ya ɓace ya shiga hanyar abinci kafin launin mutum ya canza. Za ki gane cewa iya hura wa mutum iska da abin rufe fuska da jaka ya fi iya zura bututu ceton rai. Akwai kuma abin da ba ya cikin manhaja, wato iya cewa "ba za a fara ba" ga likitan da ya girme ki a shekaru da matsayi, saboda babu jini a ajiye ko ba a gyara ruwan jikin yaron da taifot ya huda wa hanji ba. Mai kunya da yawa tana shan wuya a nan. Kuma makullin akwatin magunguna masu sa maye zai zauna a hannunki, fentazosin da fetidin da ire-irensu, ga gajiya ga rashin barci. Wannan jarabawar ta hallaka ma'aikatan lafiya masu kyau, kada ki ɗauka ta wasu ce.

Ki kuma san inda za ki ƙare. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce aƙalla a samu likita biyar na wannan fanni ga kowane mutum 100,000, Najeriya kuwa ba ta kai ɗaya ba, kuma 'yan kaɗan ɗin suna manyan birane. A asibitin koyarwa kina koyo babban likita yana bayanki. Ranar da aka tura ki babban asibitin wata ƙaramar hukuma, ke ce farko ke ce ƙarshe. Saboda haka nake cewa nas mai sa barci a Arewa ta fi takwararta ta Amurka buƙatar ilimin ya zauna mata a ka, ko da yake karatun waccan ya fi nata tsawo nesa ba kusa ba.

Tunda kin ambaci Amurka, ga yadda tsarinsu yake. Sai kina da digiri da lasisin aikin jinya na can, wanda ake samu bayan jarrabawar NCLEX, mai tambayoyi 85 zuwa 150 da kwamfuta ke zaɓo miki gwargwadon yadda kike amsawa. Sai aƙalla shekara ɗaya cur a ɗakin kulawa ta musamman, kina riƙe marasa lafiyar da ke kan injin numfashi da magungunan riƙe jini, kuma yawancin waɗanda ake ɗauka sun yi fiye da haka. Dole a asibitin Amurka aka yi wannan aikin, shekarun da kika yi a Kano ko Kaduna ba za su maye gurbinsa ba, haka ma shaidar sa barci ta Najeriya ba ta juyewa ta zama CRNA. Mafi ƙarancin sakamakon da makarantu ke karɓa yawanci 3.0 ne cikin 4.0, amma masu nema sun fi gurabe yawa, don haka wadda ta tsaya a nan da wuya a kira ta, kuma suna ware makin darussan kimiyya su duba shi daban. Ga masu karatun jinya a can matsin ke nan: makarantu da yawa sun sa makin ci wajen 75, na lissafin magani 90 ko ma 100, faɗuwa biyu a sallami mutum, mai burin sa barci kuma ba ci kawai yake nema ba, A yake nema a kemistiri da fisiyoloji da ilimin magunguna, domin C ɗaya da ya kwasa yana ɗan shekara 19 za ta iya bin sa har gaban masu tantancewa bayan shekaru. Tun daga 2022 duk wanda ya shiga karatun CRNA digirin digirgir yake yi, aƙalla wata 36, da awa 2,000 na aiki a asibiti da majinyata aƙalla 650, sannan jarrabawar ƙasa mai tambayoyi 100 zuwa 170. Kuɗin makaranta a wurare da dama ya haura dala 100,000, kuma karatun ba ya barin mutum ya yi aikin albashi a gefe. Ki haɗa lissafi daga shiga jami'a zuwa fitowa, shekara takwas ce mafi ƙaranci ga ɗan ƙasa, ga wadda ta taso daga nan kuwa ta wuce goma. A Ingila kuma babu irin wannan matsayi ga nas, likitoci ne ke riƙe da aikin, nas tana taimaka musu, don haka kada wani dillalin biza ya ruɗe ki da can.

Maganar aure ba zan tsallake ta ba, don na san za ta taso a gida ko ba ki tayar ba. Matan aure da masu goyo da yawa sun yi wannan karatu sun gama. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi shi babu wanda zai riƙe yaro daren da kike kol, ko da mijin da bai san tun farko cewa za a riƙa buga wa matarsa waya da tsakar dare ta fita ba. A faɗa masa tun ana zance, da baki, ba da habaici ba. Kuɗi kuma, wadda ke aikin gwamnati ta nemi hutun karatu da albashi, shi ne ya ɗauki yawancinmu.

Idan an tura ku tiyata a shekara ta biyu ko ta uku, ɗalibai duk gefen mai fiɗa suke taruwa don su ga an buɗe ciki. Ke ki nemi izini ki tsaya ta wajen kan majinyaci, ki ga yadda ake duba inji da safe kafin a kawo kowa, da yadda ake jera sirinji ana rubuta wa kowanne suna, ki zauna aikin awa huɗu da babu abin da ya faru a cikinsa ki ji ko hankalinki zai iya zama a kan allo da ƙirjin mutum har a gama. Wasu a nan suke gane cewa ungozoma ko jinyar yara ta fi dacewa da su, kuma gara a gane da wuri. Sannan ki adana takardunki tun daga shekarar farko: sakamakon kowane zango, da adadin awannin aji da na asibiti a kowane fanni, jinyar manya da ta yara da haihuwa da taɓin hankali. Masu tantance takardun nas na waje, irin su TruMerit, wadda a da ake kira CGFNS, waɗannan awanni suke tambaya ɗaya bayan ɗaya, kuma daga makarantar suke so a aika musu kai tsaye. Neman su bayan shekara takwas da barin makaranta, an canza shugaba an canza ma'ajin takardu, yana iya cinye miki watanni.